Maigadin Cikin Fim

Tunda muka dawo ban huta ba. Wadda ta zo sayen atamfa sai ta ajiye ciniki ta ce, "Zainabu, ya Abuja?" Wadda ta kira a waya kuwa, kafin mu gama gaisawa ta jefo tambayar. Har maƙwabciyata da ba ta taɓa tambayar lafiyar yarana ba ta leƙo ta katanga, wai da gaske ne ana wanke titunan can da sabulu? Na gaji da maimaitawa, kuma duk wadda na ba wa rabin labarin sai ta kai shi gaba da ƙari. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Gwaggo ma ta yarda, ta ce tunda ya riga ya shiga bakin mutane gara a faɗe shi daidai.

Gwaggo Asabe yayar babanmu ce. Ɗanta na fari, Yaya Auwalu, ya bar gida shekara bakwai da suka wuce, bayan mahaifinsa Baba Sule ya mare shi a gaban jama'a a bakin rumfarsu ta kasuwa, ya ce kada ya ƙara taka masa gida. Saƙo ɗaya ya aiko, cewa ya nufi Abuja neman aiki, daga nan layinsa bai sake shiga ba. Bara Baba Sule ya rasu. Kwana biyu kafin ya cika ya ce wa Gwaggo, duk ranar da ta ga yaron ta gaya masa ya janye maganarsa, ya dawo gida. An yi sanarwar rasuwar a rediyo, an yi zaman makoki an tashi, Yaya Auwalu bai zo ba. Duk wanda ya taɓo zancen, amsar Gwaggo ɗaya ce: yana Abuja, labari bai kai masa ba.

Ranar sunan jaririyar ƙanwata 'yanmata suka kunna wani fim a falo. Farkonsa aka nuno ƙofar shiga Abuja daga sama, ga manyan tituna, ga ƙaton dutsen nan, aka rubuta "Abuja" ɓaro-ɓaro a ƙasa. Sai ga wani layi mai kwalta da bishiyoyi, da baƙar ƙofa mai zanen dawisu. Mota ta yi hon, maigadi ya rugo ya buɗe. Bai fi ƙiftawar ido uku a allon ba. Gwaggo, wadda kullum take cewa kallon fim aikin marasa aikin yi ne, ta saki kofin kunu a kan kafet ɗin mutane ta ce, "Ku mayar da shi baya."

Aka mayar, aka sake mayarwa. Na ce mata kama ce kawai, amma a karo na uku ni ma na ga yadda yake ɗan jan ƙafar hagu in yana gudu, irin gudun Yaya Auwalu sak.

"Mutumin nan ne," in ji Gwaggo.

Haka take kiransa. Gwaggo mutumiyar da ce, kunyar ɗan fari a wurinta ba abin wasa ba ne. Ba ta faɗar sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye a gaban mutane, ba ta ma yarda a ce ta damu da shi. To matar da ba za ta iya faɗar sunan wanda take nema ba, dole ta tafi da baki. Ni ce bakin. Na gwada lambar wayar da aka rubuta a ƙarshen fim ɗin, a kashe take. Na ce mu dakata mu bincika tukuna. Ta ce ita ba da bincike aka haife ta ba, in ba zan je ba za ta tafi ita kaɗai. Na ɗauki hoton ƙofar da na maigadin a wayata, na kai yara gidan Umma, muka kama hanya.

Kuskurena na farko shi ne nuna hoton a cikin mota. Mu bakwai ne da direba, kuma kafin mu wuce Kwanar Dangora kowa ya zama masanin gidan. Wani Alhaji mai tabarau, ma'aikacin gwamnati, ya ce ko shakka babu Maitama ne, abokinsa ma a layin yake. Wata ɗaliba ta ce ita ta ji a Gwagwalada aka ɗauki fim ɗin, ƙawar ƙawarta ta ga 'yan wasan da idonta. Direba ya saki sitiyari da hannu ɗaya ya karɓi wayar, motar na gudu, ya ce, "Haba! Gwarinpa ce wannan. Na sha sauke fasinja a ƙofar nan." Na ce ya taimaka ya dubi titi, kada ya sauke mu a lahira. Har Zariya ana musu, jijiyar wuya a waje, kuma babu wanda ya yi tantama ko sau ɗaya cewa a Abuja gidan yake. Ni ma ban yi ba. Ai an rubuta.

Bayan Kaduna aka tsaya sallah da cin abinci. Shinkafar ta yi tsayuwar soja, miyar kuma jan ruwa ce kawai. Gwaggo ta ɗaga cokali ta ga miyar ta zube tas, ta tambayi mai abincin ko tumatirin ya shiga tukunyar ne ko daga nesa ya gaishe ta. Matar ba ta yi dariya ba. Muka sayi fura ta roba muka koma mota.

Da yamma dutsen ya bayyana a gabanmu, baƙi, ƙato, daidai yadda yake a fim. Gwaggo ta gyara mayafi ta ce, "Alhamdulillahi, mun iso."

"Hajiya, nan Jihar Neja ce," in ji direba.

"A fim ɗin an rubuta Abuja a ƙarƙashinsa."

"To su suka rubuta. Dutse dai na Neja ne, sai mun ƙara gaba."

Da ina da hankali, daga nan ya kamata in fara zargin rubutun nan. Amma gajiya ta ci ƙarfina, na bar zancen ya wuce. Direba ya juye mu a Zuba ya ce ga Abuja nan. Muka duba, tasha ce irin tamu, da 'yan kamasho da masu rake. Sai da muka sake shiga wata motar, muka yi tafiya mai tsawo, kafin muka ga abin da ya yi kama da garin da ake faɗa.

A Gwarinpa muka sauka, wurin Bilkisu, ƙawata tun ta sakandare, da take aiki a wata ma'aikatar tarayya. A ƙofar rukunin gidajensu aka tsare mu. Wa kuke nema, gida mai lamba nawa, ta san da zuwanku? Sai da aka kira ta a waya ta ce a bar mu. Gwaggo ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin garin da ake neman wa baƙo izini kamar zai ga fursuna ba. Bilkisu ta tare mu da murna. "Gwaggo, you are welcome, sannu da hanya. Please ki saki jiki, nan ma gida ne." Ta kawo gasasshiyar kaza da ɗanyen ganye cike da faranti. Gwaggo ta ci kazar, ta ture ganyen gefe, ta zauna tana jiran abinci. Da ta gane an gama ke nan, ta buɗe jakarta ta fito da garin tuwo da kuka da daddawa. Warin daddawar ya kwana uku a labulen Bilkisu, kuma baiwar Allah ba ta yi ƙorafi ba.

Da safe kafin mu tashi Gwaggo ta tafi gaida maƙwabta, kamar yadda duk baƙon kirki yake yi. Ta ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon tamu. Wata mata ta buɗe kaɗan, sarƙa a maƙale, ta ce da Turanci ita ba ta yi odar komai ba, ta rufe. Shekarar Bilkisu huɗu a gidan, ba ta san sunan matar ba. Gwaggo ta ce, "In kin mutu a ɗakin nan wa zai sani?" Bilkisu ta ce ofis za su kira.

Kwana biyu muka yi muna taka Gwarinpa. Wanda bai je ba ba zai gane ba. Unguwa ɗaya ce wai, amma layi ne bayan layi, kowanne kamar ɗan'uwansa, kuma sai ka ce dokar ƙasa ce ta tilasta wa kowa baƙar ƙofa. Mun ga mai zanen zaki, mun ga mai fure, mun ga mai tauraro, dawisu dai babu. Ƙafata ta yi bororo, wani kare ya kusa raba ni da mayafina. Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa shi ne Gwaggo. In na nuna wa maigadi hoto na ce sunansa Auwalu, ya tambaya ɗan wane ne, sai ta ɗaga kai tana kallon sama ta ce, "Ɗan wata baiwar Allah ce a unguwarmu." Mutane su ga ba abin gaggawa ba ne, su miƙo mini wayata su koma kan bencinsu. Na ce, "Gwaggo, don Allah ki ce ɗanki ne, za su fi tausaya mana." Ta ce in kiyaye ta, ba ta son rashin kunya.

Mutum ɗaya ne bai ruɗu ba, wani dattijon maigadi mai suna Yohanna, mutumin Filato. Ya dubi hoton, ya dubi Gwaggo, ya ce, "Mama, wannan yaro naka ne. Na gani a ido naka."

"Ni ce naka?" in ji Gwaggo. "Da zanena da ɗankwalina?"

Bai ma gane laifinsa ba. Ya jawo mana benci, ya ba mu ruwa mai sanyi, ya ƙara girman hoton da yatsu yana dubawa. Can ya ce, "Amma ƙasa na wurin nan fari ne. Ƙasa na Abuja ja ne. Ni ban yarda wannan gida yana nan ba." Na yi masa godiya, a raina ina cewa tsoho ya fara ruɗewa. Yau da zan gan shi da na durƙusa na ba shi haƙuri.

Bilkisu ce ta samo mana bakin zaren. Ta aika wa wata 'yar wasan fim ɗin saƙo a shafinta na intanet, tana tambayar inda gidan yake. Bayan kwana guda amsa ta zo, kalma ɗaya tak: "Nasarawa."

"I knew it!" Bilkisu ta tafa hannu. "Rabin masu cewa suna Abuja a Jihar Nasarawa suke kwana. Mararaba, Masaka, har Keffi, kowa ya je gida sai ya ce daga Abuja yake." Ta sake bin sunayen ƙarshen fim ɗin, ta ga wanda ya ɗauki hotunan sama, ta nemo shafinsa. Shagonsa na Uke, a kan hanyar Keffi. Komai ya haɗu daidai, har na rungume ta.

Cunkoson Nyanya zuwa Mararaba kuwa, Allah kada ya maimaita mini. Motar ta fi tsayuwa a kan tafiya, zafi kamar gidan burodi, masu talla suna cusa mana kaya ta taga, daga buroshin haƙori har maganin ɓera. Ban ga inda Abuja ta ƙare Nasarawa ta fara ba, sai dai na ga 'yan acaɓa sun cika titi kamar an buɗe musu keji. Wata mata da ke kusa da ni, mai sayar da doya, ta ce shekararta goma sha biyu a Masaka, kuma har yau mutanen ƙauyensu suna ba ta saƙon gaisuwa ga shugaban ƙasa.

Uke ƙaramin gari ne a bakin titi, ƙamshin gasasshen kifi ne ya fara tarbarmu. Mai hoton sunansa Bitrus, mutum mai fara'a. Kafin mu faɗi abin da ya kawo mu matarsa ta ajiye mana kifi da yaji da soyayyar doya, kuma gaskiya ita ce, duk tafiyar nan ban ci abin da ya kai shi daɗi ba. Ko Gwaggo ba ta sami abin kushewa ba. Muna wanke hannu na miƙa masa wayar. Ya kalli hoton ƙofar, ya kalle mu, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Anti, ku yi haƙuri. Waɗannan mutane ko ƙafa ɗaya ba su sa a Abuja ba. Ni na ɗauka ƙofan gari, na ɗauka dutse, na ɗauka titi da ƙaramin jirgi nawa, na tura masu a waya. Sauran duka a wurinsu suka yi."

"Amma an ce mana a Nasarawa gidan yake," na ce.

"Bari mu kira oga na su."

Ya kira, ya sa a amsa-kuwwa. Muryar da ta ɗauka ta Bakano ce tsantsa, irin wadda nake ji kullum a ƙofar gida. Bitrus ya yi masa bayani. Mutumin ya ce, "E mana, Nasarawa. Nasarawa ta nan Kano, Ji'ar'e, unguwar manya. Gidan wani Alhaji ne muke ara. Wai har Abuja suka tafi? Ikon Allah! Ai mu in muna son Abuja, layi mai bishiya muke nema mu kori awaki."

Na rasa inda zan sa kaina. Ni haifaffiyar Kano, da nake wucewa ta bakin unguwar nan duk sanda zan je sarin kaya, aka ce mini Nasarawa na tsallake jiha uku ina nemanta. Laifin ba na Bilkisu ba ne, ita Nasarawar da ke kusa da ita ta sani. Nawa ne. Mu 'yan cikin gari ba ma shiga layukan nan, ba mu da abin yi a can. Da mun ga kwalta mai kyau da bishiyoyi, babu kwata babu akuya, sai mu ce ai wannan ba garinmu ba ne. Haushi ya cika ni har ya koma dariya, na biye wa Bitrus muna yi. Na juyo in tsokani Gwaggo, sai na ga fuskarta, dariyar ta maƙale mini.

Ta matso kusa da wayar. "Bawan Allah, maigadin nan da ya buɗe ƙofa, ɗan wasanku ne?"

"A'a Hajiya, na gidan ne. Ya daɗe a wurin, na ji Alhajin yana cewa ya kai shekara shida."

Ta koma ta zauna. Ta dubi tafin hannunta, ta ce a hankali, "Zainabu, tashar rediyon da aka yi sanarwar nan, ana kama ta a Nasarawar Kano?"

Ita ma ta san amsar. Shekara guda tana kare shi da nisa, a gaban dangi, a gaban maƙwabta, a gaban kanta ma, ga shi mutumin da ke wayar ya ƙwace mata nisan da magana ɗaya. Tausayinta ya kama ni har na ji kunyar dariyar da na yi.

Washegari muka juyo. Daga Zuba har Kano Gwaggo ba ta kushe tuƙin direba ba, ba ta kushe abincin hanya ba, ba ta ma ci ba. Da muka sauka bayan la'asar na ce mu je gida ta huta, gobe ma rana ce. Ta ce in tsayar da adaidaita. Na yi wa mai adaidaitan kwatancen da aka ba mu. Ina lura da hanya, daga layin zuwa ƙofar gidan Gwaggo bai fi tafiyar minti ashirin ba.

Dawisun ya fi na fim ƙanƙanta, fentinsa ma ya fara ɓarewa. Na ƙwanƙwasa. Ƙaramar ƙofar ta buɗe, ya leƙo yana cewa, "Wa ake nema?" Ya rame, furfura ta ɗan fito masa a gemu. Ya gan ni, ya ga wadda ke bayana, sai ya durƙushe a wurin.

"Inna."

Ba ta dube shi ba, ni ta duba. "Zainabu, tambaye shi ko ya ji."

Ban ma buɗe baki ba ya ce, "Na ji, Inna. A rediyo na ji."

"Tambaye shi me ya hana shi zuwa."

"Na zo." "Da ni aka yi masa sallah, ina sahun baya. Na bi har maƙabarta. Da aka dawo na zo bakin layinmu na tsaya, ina hango ƙofar. Abujar ma wata takwas na yi na dawo, ban sami komai ba. Ya ce kada in ƙara taka masa gida, Inna, kuma ya tafi bai janye ba. To wa zai janye mini?"

Ina ta tanadin faɗan da zan yi masa tun daga Uke, kalma ɗaya ban iya tunawa ba. Na jira Gwaggo ta ba ni abin da zan gaya masa. Sai na ga ta juya, ta dube shi ido cikin ido, ta yi masa magana da kanta.

"Ya janye. Kwana biyu kafin ya cika ya janye, da bakinsa, ya ce ka dawo gida. Shekara guda ina ɗauke da maganar nan, ta hana ni barci, ina jiran Abuja ta sako mini kai."

Ya kifa goshinsa a ƙasa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Gwaggo ta bar shi ya yi mai isarsa. Ta sa bakin mayafi ta goge fuskarta, wai ƙura ce ta shiga mata ido, sannan ta juyo kaina da faɗa.

"Ke kuma tsayuwar me kike yi kin saki baki? Tsayar mana da adaidaita. Ki ce masa mu uku ne."